Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin lafiya da shugabannin asibitocin jihar Sakkwato kan samarin da ke kwana lafiya su wayi gari ƙafafu sun mutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku shi daɗe manyanmu masu riƙe da harkar lafiya a jihar Sakkwato, shugabannin asibitoci na gwamnati da masu zaman kansu, likitoci, nas-nas, ma'aikatan lab, da 'yan uwanmu masu kemis na cikin gari da na ƙauye. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a, Allah shi saka muku da alheri. Ni malamin makaranta ne nan cikin Sakkwato, kimiyya nike koyarwa, ba likita ba ne. Wagga wasiƙa na rubuta ta da yawun gidanmu, da yawun wani dattijo da munka haɗu da shi a layin ganin likita ya taho da ɗansa daga ƙauye da ciwo irin na ƙanena, da kuma yawun duk wani saurayi da har yanzu ake yawo da shi daga mai tofi zuwa mai kemis ba a gano abin da ke kayar da shi ba.

Ciwon da nike magana a kai shi ne shanyewar jiki ta ɗan lokaci da ke samun mai tayirod da aikinta ya yi yawa, sanadin faɗuwar sinadarin fotasiyam a cikin jini. Mu ma ba mu taɓa jin labarinshi ba sai da ya shigo mana gida.

Azumin 2024 ne, wanda ya faɗo Maris da Afrilu, kun dai san zafin Sakkwato a wannan lokaci, ya kan wuce 40. Ƙanena ɗan shekara 27, dakon buhunan albasa shi kai ana lodi a mota, ya wuni yana aiki da ƙishirwa, anka sha ruwa ya sha kunu kofi biyu da ƙosai da dabino da lemun kwalba mai sanyi, bayan asham ya zauna ya tashi da tuwon shinkafa malmala uku, ya shimfiɗa tabarma tsakar gida ya kwanta. Ƙarfe huɗu saura Inna ta ce in tada shi sahur. Na iske shi ido biyu yana kallon sama, ya ce "Yaya, ƙafafuna sun ƙi." Na tsunkule shi a cinya ya ce yana ji sarai. Na ce to ɗaga, ya yi ta yunƙuri har jijiyar wuyanshi ta tashi amma ƙafa ko gezau. Yatsun hannu na motsi amma bai iya kai hannu bisa kai. Magana garau, hankali garau, baki bai karkace ba, bai saki fitsari ba. Maƙwabta sunka shigo, wannan ya ce dannau ne, wancan ya ce iska ce, wata ta ce jifa anka yi mishi. Anka yi tofi anka yi hayaƙi, kafin azahar yaro ya miƙe da ƙafafunshi kamar ba shi ba. Sai da abin ya maimaita sau uku kafin wani likita ya ce a auna mishi fotasiyam, kuma tsakanin faɗuwar farko da ta uku ne duk koke-kokena suke.

Bari in faɗi yadda ciwon yake kamar yadda anka yi mana bayani kuma na bi na karanta, don waɗanda za su ga wagga wasiƙa ba duka ne ma'aikatan lafiya ba. Tayirod ita ce 'yar halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadaran da take fitarwa, T3 da T4, su ke saita saurin aikin jiki. In ta yi yawan aiki sai mutum ya yi ta ci yana ramewa, zufa ba ta tsayawa, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, wani idanunshi su firfito. Mafi yawan lokaci cutar Graves ke jawo haka, wato garkuwar jiki ce da kanta ke tsokanar tayirod ɗin. Shi kuma fotasiyam gishiri ne da tsoka ba ta motsi yadda ya kamata sai da shi, kusan kashi 98 cikin 100 nashi yana cikin ƙwayoyin jiki, ɗan kaɗan ne ke yawo a jini, in an auna lafiyayye a kan samu tsakanin 3.5 zuwa 5.0. A jikin ƙwayoyin tsoka akwai wani abu kamar famfo mai tura sodiyam waje ya jawo fotasiyam ciki. Sinadarin tayirod in ya yi yawa sai ya ƙara wa famfon wuta, insulin da jiki ke fitarwa bayan an cika ciki da tuwo da kayan zaƙi shi ma ya ƙara mishi, hutu bayan aikin ƙarfi shi ma haka. Cikin 'yan sa'o'i fotasiyam ɗin jini duk ya shige cikin tsoka. Kamar a kwashe hatsin kasuwa dare ɗaya a zuba rumbu ne, hatsin bai bar gari ba amma kasuwa ta zama wayam. Shi ya sa ya fi kama mutum da dare ko da asuba, ya fi kama cinyoyi kafin hannuwa, kuma ya kan saki da kanshi bayan wasu sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu ko uku.

An fi sanin ciwon a ƙasashen Asiya, a Sin da Japan kusan 2 cikin 100 na masu yawan aikin tayirod na samun shi, a Amurka kuma 1 ko 2 ne cikin 1000. Ina jin wannan ne ya sa ake mishi kallon ciwon wasu can nesa. To mu dai ya kayar mana da yaro a tsakar gida nan Sakkwato. Kuma abin lura, duk da mata sun fi maza yawan ciwon tayirod nesa ba kusa ba, wagga shanyewa kusan duk maza take kamawa, samari 'yan 20 zuwa 40, masu dako, masu kabu-kabu, manoma, magina, 'yan ƙwallo, waɗanda gida ya dogara da ƙarfinsu.

Kokena na farko, kuma shi ne babba, gwajin da ba a yi. Faɗuwa ta biyu munka ɗauke shi a keke napep zuwa wani asibiti, ba zan kama suna ba don ba tozarci ya kawo ni ba. Mutum ya zo bai iya ɗaga ƙafa, anka ɗibi jini anka auna maleriya da taifod. Shi ke nan. Ba wanda ya ce a auna gishirin jini, ba wanda ya sa mishi na'urar ECG mai duba bugun zuciya, alhali ita kanta in fotasiyam ya faɗi tana nunawa tun kafin sakamakon lab ya fito. Da na tambaya ko akwai wani gwaji kuma, sai anka ce mai lab ya tashi sai da safe, kuma ma kayan aikin na'urar sun ƙare. Ranku shi daɗe wanga ciwo da dare yake zuwa, kafin safiyar da ake cewa a jira fotasiyam ya fara dawowa jini, a auna a ga komai daidai, a ce da mutum lafiyarka lau ko a ce raki ne. Haɗarin kuwa ba ƙafa ba ce kawai, zuciya ma tsoka ce, in fotasiyam ya yi ƙasa sosai bugunta na iya rikicewa har ta tsaya, wani kuma tsokar numfashi ke kasawa. Saurayi zai iya rasuwa a kan gadon asibiti ana jiran gari ya waye a ce ajali ne, alhali abin da ya kashe shi ana iya gano shi da ɗan jini a sirinji.

Na biyu ya fi ci mini rai don da idona na gani. Da anka ji yana azumi kuma ba ƙarfi a jikinshi, sai anka ɗaura mishi drif na suga. Na san niyya mai kyau ce, kuma mu jama'a ma muna da laifi, in ba a sa wa mara lafiya ƙarin ruwa ba gani muke ba a yi mishi komai ba. Amma ga mai wanga ciwo ruwan suga ƙara wa wuta fetur ne, suga ya shiga jini, insulin ya tashi, ɗan sauran fotasiyam ɗin ma ya gudu cikin tsoka. Ina zaune gefen gado leda ta kai rabi ya ce "Yaya hannuna ma ya tafi," na ɗora tafina a ƙirjinshi ina jin zuciya kamar za ta faso waje. Allah ne ya yi da sauran kwana. Da ya miƙe washegari anka sallame mu da maganin maleriya, kowa na cewa ruwan ya yi aiki.

Sai kuma ɗaya gefen, wanda likitan da ya gano ciwon ya ja hankalina a kai. In an auna an ga fotasiyam ya faɗi, ba a ɗura shi da yawa da gaggawa, don jikin bai rasa shi ba, ɓoyewa ya yi. Lokacin da rumbu ya buɗe hatsin ya dawo kasuwa zai tarar da wanda anka ƙaro, sai ya yi yawa, kuma yawan fotasiyam a jini shi ma yana tsayar da zuciya. Kaɗan-kaɗan ake ba da shi ana sake aunawa ana kallon zuciya, kuma likitoci kan haɗa da propranolol don ya rage wa famfon nan gudu, sai dai in mutum na da asma. Wannan aiki ne da ba ya yiwuwa a inda ba a iya auna jini sau biyu a dare guda. Kuma don Allah 'yan uwa masu karatu kar wani ya ga wannan ya je kemis ya sayi fotasiyam ya ce a yi mishi allura a gida, kisa ne.

Na uku, ba a duban wuyan namiji. A wurinmu maƙoƙo ciwon mata ne, kuma sai ya yi girma kowa na gani ake kiranshi ciwo. Ƙanena ya fi wata shida yana ramewa, wandunanshi duk sun yi mishi yawa, ya ci abincin mutum biyu, cikin sanyin hunturu shi kaɗai ke kwana ba mayafi, mu munka ce wahalar dako ce. Wurare biyu anka duba shi ba wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Likita na uku, yaro ne ma matashi Allah shi yi mishi albarka, ya riƙe tsintsiyar hannunshi ya ƙirga bugu, ya ce miƙa hannuwa, ya ɗora farar takarda a kai, takarda ta yi ta karkarwa, ya tsaya bayanshi ya dafa wuya ya ce haɗiye yawu. Duka bai kai minti biyar ba. Fotasiyam ya fito 2.1, gwajin tayirod ya nuna TSH, sinadarin da ke ba tayirod umarnin aiki, ya yi ƙasa ƙwarai T4 ya hau, alamar aikinta ya yi yawa. Masu wagga shanyewa da yawa alamun tayirod ɗinsu ba su fitowa fili, faɗuwar ce ke fara tona ciwon, don haka in ba a neme shi da gangan ba ba za a gan shi ba. In kuwa ba a gano tayirod ba to an yi maganin reshe an bar saiwa, zai sake faɗuwa. Cin ayaba ko shan ƙwayar fotasiyam kullum ba ya hanawa, abin da ke hanawa shi ne a daidaita tayirod, kuma in ta daidaita shanyewar na ɗaukewa gaba ɗaya.

Na huɗu, ku 'yan uwana masu kemis, da girmamawa nike faɗa. Na san ku ne asibitin talaka, ƙarfe goma sha biyun dare ku ake bugawa ƙofa, bashi ma kuna bayarwa. Amma ƙwayar dexa, wato dexamethasone, ta zama kamar gyaɗa a gari. Mai ciwon jiki a haɗa mishi da ita, mai son ƙiba a ba shi ita, sha ka fashe ake ce mata kowa ya sani. To ku duba, wa ya fi mai yawan aikin tayirod neman maganin ƙiba? Yana ramewa bai san dalili ba, abokai na cewa ko wani ciwo gare ka, sai ya nufi kemis. Haka ƙanena ya yi bayan salla bai faɗa wa kowa ba, kwana kaɗan da fara sha ya yi faɗuwa ta uku wadda ta fi duka muni. Dexa da danginta na daga cikin abubuwan da anka tabbatar suna tada wagga shanyewa, ban da hawan jini da ciwon suga da suke jawowa in an daɗe ana sha. Wanda ya zo muku yana ci yana ramewa, hannunshi na rawa, ba ƙwayar ƙiba yake buƙata ba, asibiti za ku tura shi.

Sai wahalar bayan an gano. Maganin tayirod irin su carbimazole ba na sati ɗaya ba ne, a kan yi wata 12 zuwa 18 ana sha, ana komawa gwajin jini ana gyara adadi, in bai yi ba a koma tiyata ko maganin aidin mai tururin nukiliya wanda sai an tafi wurare irin su Abuja ko Ibadan. Mu da ke cikin gari ma mun ji a jikinmu. Dattijon nan da na ambata kuwa tun da asuba suke fitowa, kuɗin mota mutum biyu zuwa da komawa, kuɗin gwaji, kuɗin magani, ga hanya ba tsaro, ya ce mini akuya biyu ya sayar kuma yana tunanin in yaro ya ji sauƙi su bar zuwa. Na roƙe shi kar ya yi haka amma na san mi ke damunshi. Jiharmu ƙananan hukumomi 23 gare ta, mutumin Isa ko Sabon Birni ko Gudu ko Kebbe bai kamata a ce sai ya tako birni don a ɗibi jininshi kawai ba.

Ga abin da muke roƙo kai tsaye.

A rubuta takarda guda, shafi ɗaya tak, da Hausa da Turanci, a manna a bangon kowane ɗakin taimakon gaggawa da kowace cibiyar lafiya ta matakin farko: duk baligin da ya zo da mutuwar ƙafafu farat ɗaya, hankalinshi garau, yana jin taɓi, a auna fotasiyam nan take, a yi ECG, kar a sa ruwan suga kafin a ga sakamako, in fotasiyam ya yi ƙasa a auna tayirod, in wurin ba shi da kayan aiki a tura shi gaba a daren ba sai da safe ba. Mun ga yadda anka yi da shan inna, anka koya wa ma'aikaci har na ƙauye cewa duk yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafarshi ta saki a kai rahoto, da wannan naci anka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a watan Agustan 2020. Mutanen da sunka yi wancan aiki suna nan, ƙara musu shafi ɗaya ba zai gagara ba.

A tabbatar kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma na da na'urar auna gishirin jini mai aiki dare da rana, da kayan aikinta, da sola don kar a ce ba wuta, da ma'aikacin lab mai kwana. Wannan ba don masu tayirod kaɗai ba ne, mai amai da gudawa, mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga, duk gwajin nan guda suke jira. ECG ma haka, a saya kuma a koya wa na bakin aiki karanta ta, kar ta zauna cikin kwali a ofis.

A sa gwajin tayirod da magungunanta cikin abin da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ke ɗauke wa talaka, a kuma tsara yadda za a riƙa ɗibar jini a ƙananan hukumomi a aiko birni a mayar da sakamako ta waya. Kuma duk wanda anka ba carbimazole a faɗa mishi da Hausa ƙarara cewa in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya dakata da sha ya garzayo asibiti a auna jini, don maganin kan kashe ƙwayoyin garkuwar jiki ga wasu kaɗan. Mu an faɗa mana, dattijon nan ya ce daga bakina ya fara ji.

A zauna da shugabannin masu kemis da hukumomin da ke kula da magunguna irin su NAFDAC kan sayar da dexa ba takardar likita. Ba kamawa da rufe shago nike nema ba, ilimantarwa da sa ido nike nema, har da gargaɗin cewa wanda ya daɗe yana shan ta ba ya yankewa dare ɗaya sai da likita.

A yi amfani da rediyo kafin azumi. Gidajen rediyon Sakkwato har rugage ana saurarensu, likita ɗaya ya zauna rabin awa ya yi bayani da Sakkwatanci ya isa. A haɗa da limamai da malaman da ake kai wa marasa lafiya, mu ba mu raina addu'a ba, har yau Inna na yi wa ƙanena tofi kuma muna so, abin da muke roƙo malam ya yi addu'a sannan ya ce maza ku wuce asibiti yanzu. Kuma asibitoci su riƙa rubuta duk wanda anka samu da wanga ciwo a ajiye, don masu bincike na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su samu abin da za su yi aiki da shi kan mutanenmu.

Ƙanena yana kan magani, ya ciko, rawar hannu ta tafi, tun da tayirod ta daidaita bai sake faɗuwa ba, ya koma bakin aikinshi. Likita ya ce ya riƙa raba abincin buɗa baki kar ya haɗa kunu da lemu da tuwo zama ɗaya, Inna ce ke tsare shi a kan haka. Wani azumi na tafe, samari za su wuni suna dako su cika ciki su kwanta. Ina roƙonku don girman Allah, takardar nan ta shafi ɗaya a manna ta kafin a ga wata.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani malamin makaranta daga cikin garin Sakkwato